Amsa ga Yayana na Kano, daga Kuntunse

Yaya, ba duba muke yi ba. Ka tambaye ni aikin me muke yi a nan, na kuma san abin da ke bayan tambayarka tun da aka gaya maka ƙaninka na Gana yana aiki a gidan taurari. A nan babu mai zana ƙasa, babu mai tsayar wa kowa ranar aure ko ta tafiya. Ganin watan azumi ma ba namu ba ne, mu ma sanarwar ofishin Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, muke jira kamar kowa.

Wurin yana Kuntunse, kimanin kilomita 25 daga Akkara a kan hanyar Nsawam. Wani ƙaton faranti ne na ƙarfe mai faɗin mita 32. Asalinsa na sadarwa ne, ta nan kiran tarho na ƙasashen waje yake bi zuwa tauraron ɗan'adam. Da aka shimfiɗo wayoyin ƙarƙashin teku sai ya zauna ba aiki, har injiniyoyin Gana da na Afirka ta Kudu suka gyara shi, Shugaba Akufo-Addo ya buɗe shi a watan Agustan 2017. Cibiyar binciken sararin samaniya da ke ƙarƙashin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana, mai hedikwata a Kwabenya, ce ke riƙe da shi.

Ka cire hoton mutum ya kafa ido a madubi cikin dare. Farantin sauraro yake yi. Akwai gizagizan iskar gas a can inda manyan taurari ke haɗuwa, suna fitar da siginar rediyo a gigahaz 6.7, ita muke kamawa. Wani lokaci kuma a haɗa lokaci da farantan Turai, duk a fuskanci abu ɗaya a daƙiƙa ɗaya, daga baya a gwama bayanan. Don haka dare da rana duk ɗaya ne a wurinmu, abin da muke kallo lambobi ne da zane a fuskar kwamfuta.

Ka tambayi jin daɗi. Ba jami'a ba ce irin ta Bayero mai unguwar malamai da kasuwarta. Ƙaramin wuri ne: farantin, ɗakin sarrafawa, ofisoshi, janareto. Sanyin na'ura da kake ji ana faɗa, don injuna aka sa shi, mu raɓa muke yi, domin in suka yi zafi aikin ya lalace. Ni ma'aikacin gyara ne, rabin rayuwata giris ne da duba wayoyi da yaƙi da tsatsa, tun da damina biyu ake yi a kudancin Gana kuma iskar teku ba ta barin ƙarfe. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne a ce ya kashe wayarsa in ana aiki. Siginar da muke nema ta yi rauni ƙwarai, kamar mai son jin raɗa ne a tsakiyar Kasuwar Kurmi, ga shi kuma gari yana ta matsowa, gidaje da turakun waya suna ƙaruwa. Wannan yana damuna fiye da komai a aikin.

Abinci kuwa, a nan ne nake ɗaga kai. Abokan aikina 'yan ƙabilun Ga ne da Asante da Ewe, kuma da safe kokon mutanenmu da ƙosai suke nema a bakin titi, suna kiransa da sunan Hausa. Da rana wake da shinkafa, mai ganyen dawa da ke ba shi launin ja. Tuwon zafi ya shiga kowane gari a Gana, tsire kuma ka san hannun wa yake. Salla ba a taɓa hana ni ba. Ina da buta da darduma, in azahar ta yi wani Kirista ne ma yake ce mini in tafi zai riƙe. Ranar Juma'a in hau tiroto, ƙaramar motar haya ta nan, zuwa masallaci. Sallar azumi da ta layya duk hutu ne na ƙasa.

Sai maganar da ka ɗora a ƙarshe, wai ko har yanzu mu Hausawa ne, tun da na auri 'yar Asante kuma yarana in sun yi magana ana dariya a gida. Yaya, ta yi mini ciwo.

Kakana da kakanka ciki ɗaya suka fito. Naka ya zauna Kano, nawa ya bi fataken goro zuwa Gwanja, daga Salaga ya gangaro Kumasi, ya auri Badagomba, ita ce kakar da ta goye ni. Ita ta fara nuna mini Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki a tsakar gida, da Hausa. Ban taɓa jin wani a zango, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi a Gana, ya ce Babana ba Bahaushe ba ne saboda ita. Ku ma can wa ya tsira? Gidanku akwai Bafulatana, akwai Babarbariya, ba wanda ya ɗauko ma'auni. Matata tana salla, tana azumi, surukaina kuwa cocinsu suke zuwa, ranar suna suka zo da kayan barka suka zauna aka yanka rago. In na je garinsu su suke nuna mini gabas. Ba zan ɓoye maka ba, akwai tsofaffin zango da ba su so ba, suna tsoron inda jikoki za su karkata. Tsoron nan na gane shi, shi ya sa yarana suke makarantar allo da yamma ba fashi.

Hausarmu ta bambanta, gaskiya ne. Yaran zango sukan bar bambancin namiji da mace a magana, suna cusa Turanci da Asantanci. Amma ka zo unguwannin Nima ko Sabon Zango ko Madina a Akkara ka ji: Bazabarme da Bamoshe da Bakotokole in sun haɗu da wane harshe suke ciniki, da wane ake wa'azi? Mu muka riƙe shi a nan fiye da shekara ɗari, ba tare da sarkin Kano ko gidan rediyon Kaduna a bayanmu ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Kete-Krachi a 1934, a ƙasar nan ya karantar ya yi rubuce-rubucensa da Larabci da ajami. A 1969, da gwamnatin Firayim Ministan Gana Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takarda, gidanmu ya rabu biyu. Baffanninmu biyu suka hau mota zuwa Najeriya, ƙasar da ba su taɓa gani ba. Babana ya tsaya, domin a Kumasi aka binne cibiyarsa. Mu kenan: a nan wasu suna mana kallon baƙi, a can kuna cewa mun ɓace.

Abin da nake so ka tambaye ni shi ne me ya sa 'ya'yan zango ba su da yawa a irin wannan aiki. Ɗalibai suna zuwa Kuntunse koyon aikin farantin, har daga wasu ƙasashen Afirka, ni kuwa sai in yi ta leƙa fuskoki ina neman namu. Iyayenmu sun daɗe suna gudun boko saboda a hannun mishan yake, mun makara, yanzu ne muke kamowa. Babbar 'yata tana son lissafi, malamanta suna yabonta. Sunan Inna ta ci, mahaifiyarka, kuma har yau babu ko ɗaya daga gidanku da ya tako ya gan ta. Mota tana tasowa daga Legas zuwa Akkara kullum.