Tambaya Da Amsa: Wai Da Gaske Sinadaran Da Ake Haɗa Waya Da Su Sun Kusa Ƙarewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibar aji biyar ce a sakandare, malaminmu na kemistiri ya sa mu haddar jadawalin sinadarai, sai kuma ya ce wai wasu daga ciki sun kusa ƙarewa a duniya. Abin ya ɗaure min kai gaskiya, tunda shi da bakinsa ya koya mana cewa sinadari ba ya ɓacewa. To ta yaya abin da ba ya ɓacewa zai ƙare? Kuma don Allah meye amfanin jadawalin nan banda wahalar hadda?
Daga wata ɗaliba, Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara basira. Bari na fara da ta biyun don naga alamar ita ce ta fi ci miki tuwo a ƙwarya.

Wani Barashe mai suna Dmitri Mendeleev ne ya tsara jadawalin a 1869, lokacin sinadarai 63 kacal aka sani. Ya jera su daga marar nauyi zuwa mai nauyi sai ya lura halayensu na maimaita kansu, to inda lissafi ya ƙi daidaita sai ya bar gurbi ba komai ya ce akwai wani sinadari a nan ba a dai gano shi ba ne, har nauyinsa ya faɗa. A 1875 aka gano galiyom a Faransa, a 1886 aka gano jamaniyom a Jamus, kowanne ya faɗa gurbinsa daram. Yanzu sinadarai 118 ne kuma ana jera su ne da yawan furoton ɗin da ke cikin ƙwayar zarrarsu, haidurojin 1, hiliyom 2, oksijin 8, ƙarfe 26, zinari 79, yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar 92.

Shawarata ki rage bin layin kwance kina rerawa, ki dinga kallon layin tsaye, nan ne dangi suke. Jan ƙarfe da azurfa da zinari layi ɗaya suke kuma dukkansu gwanayen ɗaukar wutar lantarki ne. Litiyom da sodiyom ma 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa da litiyom ɗin da ake yin batir da shi ya yi tsada kamfanonin Chana suka fara ƙera batir da sodiyom, wanda gashi nan jibge a cikin gishiri. Kinga amfanin jadawalin kenan.

Sai dai jadawalin yana da yaudara guda, kowane sinadari an ba shi akwati daidai da na ɗan uwansa alhali a ƙasa ba haka abin yake ba. Oksijin da silikon su biyu kawai sun kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin ɓawon duniya. A 2019 da jadawalin ya cika shekara 150 ƙungiyar masana kemistiri ta Turai ta sake zana shi, kowa aka ba shi fili gwargwadon yawansa, suka kuma nuna wajen sinadarai 30 ne ake zubawa a wayar hannu.

Toh maganar ƙarewa, malaminku bai yi tufka da warwara ba. Ki ɗauka buhun gero ya fashe a tsakiyar rairayi iska ta watsa shi, ko ƙwara ɗaya bata ɓace ba amma waye zai tsince? Haka indiyom yake, shi ne ake shafawa siriri a gilashin waya ya sa take jin taɓin yatsa, kusan babu mahaƙarsa ta kansa sai dai a tsamo shi wajen tace tutiya, ana raba shi ɗis-ɗis cikin wayoyi biliyoyi, in waya ta mutu a jefa a durowa ko bola shikenan ya bi rairayi.

Wanda yake tafiya da gaske shi ne hiliyom. Rashin nauyinsa ya sa in ya kuɓuce sama yake yi har ya fice daga duniyar baki ɗaya, kuma miliyoyin shekaru yake ɗauka kafin ya taru a ƙarƙashin ƙasa cikin iskar gas, a wurare irin su Amurka da Katar da Aljeriya. Da shi ake sanyaya na'urar MRI ta ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, mu kuma muna hura shi a balan-balan ɗin biki, wallahi abin na min ciwo.

Wani ƙarancin kuma na siyasa ne zalla. Wajen kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin batir daga Kwango yake fitowa, a 2023 kuma Chana ta ƙuntata fitar da galiyom da jamaniyom. Ni dai wanda ya fi damuna ma ba na waya ba ne, fosfaras ne, harafin P ɗin da kike gani a buhun takin NPK. Shuka bata da madadinsa, kuma mafi yawan dutsen da ake samunsa a hannun Maroko yake, daga can ma Najeriya ke sayo nata.

TAMBAYA: Malam ni mai gyaran waya ne, wai da gaske akwai zinari a injin waya? Naga yara na ƙona tsofaffin bodi suna nema.
Daga wani mai gyara, Kano.

AMSA: Akwai ɗan uwa, amma a waya ɗaya bai kai kashi 1 cikin 20 na giram ba, sai an tara dubbai a masana'anta kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Don Allah ka hana yaran nan ƙonawa, hayaƙin na ɗauke da dalma da wasu gubobin masu taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ku cire sifiya masu rai ku yi gyara da su, sauran bodin a tara a sayar wa masu saye a kilo.