Mota ta fizga da kanta a hanyar Kaduna: ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Camry ƙirar 2010, 'yar Kwatano, ina zuwa Kaduna da ita duk mako daga Samaru. Wani abokin aikina ya nuna min yadda ake sa kurus (cruise control, na'urar da ke riƙe gudun mota ba sai an taka totur ba), ya ce in na sa shi motar ce za ta riƙa tuƙa kanta, har birki za ta taka idan ta ga abu a gaba. Na gwada. Wajen Jaji na taka birki saboda tirela, da na wuce sai hannuna ya bugi 'yar sandar nan ta jikin sitiyari, kawai na ji mota ta yi ƙara ta fizga alhali ƙafata ba ta kan totur. Iyalina na ciki. Wallahi har yanzu gabana faɗuwa yake. Bakanikena ya ce ƙwaƙwalwar motar ce, a yanke wayar abin kowa ya huta. In bari ya yanke? Daga wani mai karatu a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara tsarewa. Kwantar da hankalinka, motarka lafiyarta ƙalau, kuma kada ka bari kowa ya kusanci wayar nan da filaya.

Abin da ya faru shi ne, da ka taka birki kurus ya saki totur, amma bai manta gudun da ka ɗaure shi a kai ba. Tura sandar sama shi ne RES, wato koma gudun ɗazu. Motar ta ga tana ƙasa da wancan gudun, sai ta sauke giya ta buɗe wuta don ta cim masa. Ƙarar da ka ji ke nan. Da ka ɗan taɓa birki a lokacin, ko ka jawo sandar wajen ƙirjinka inda aka rubuta CANCEL, da nan take ta lafa. In kana so ta manta gudun ɗungurungum, danna maɓallin da ke bakin sandar, koren rubutun da ke maleji ya mutu.

Ka kuma leƙa malejin naka da kyau. Yawancin Camry da ke shigo mana na Amurka ne, manyan lambobinsu mil ne, kilomita kuwa su ne ƙananan da ke ciki. Wanda ya ɗaure kurus a 75 yana ganin ai a hankali yake tafiya, kilomita 120 yake yi a awa. Dokar hanya ta Najeriya kuwa 100 ta yarje wa ƙaramar mota a tagwayen titi, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari.

To, bakaniken bai dame ni kamar abokin aikin nan naka ba. Maganarsa ce take kashe mutane, kuma kusan kullum sai na ji ta a gareji, daga bakin 'yan boko ma, ba direbobin tasha ba. Kurus ɗin Camry 2010 ba shi da ido. Ba ya taka birki. Ba ya juya sitiyari. Bai san akwai tirela a duniya ba. Aikinsa guda ɗaya tak: ya karanta gudun mota, in ya ragu ya ƙara mai, in ya ƙaru ya rage. Ko a gangara ma iyakarsa ya saki totur ko ya sauke giya, don haka mota tana iya wuce gudun da ka sa mata yana kallo. Tsohuwar fasaha ce, tun 1958 kamfanin Chrysler ya fara sa ta a mota, kuma wanda ya ƙirƙiro ta, Ralph Teetor, injiniya ne makaho da abin da ya dame shi kawai shi ne direba ya daina ƙara gudu yana ragewa. Babu wanda ya yi ta don direba ya huta da kallon hanya.

Amma je ka ga yadda ake yi da ita tun da aka gyara titin Kaduna zuwa Kano. Mutum yana barin Ɗan Magaji sai ya ɗaure kurus, ya zare takalmi, ya naɗe ƙafar dama a kan kujera kamar wanda ke zaune a tabarmar majalisa, ya ɗauko waya. Wani ma har kwantar da kujera yake yi baya. Yi lissafin da kanka. A gudun kilomita 100 mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan warware ƙafa da laluben birki ya ci maka ƙarin daƙiƙa biyu kacal, ka tafi mita 55 da wani abu ba ka ko fara tsayawa ba, rabin filin ƙwallo ke nan. Kuma a duk tsawon wannan tafiyar injin yana nan yana ba da wuta. Wanda ke tuƙi da ƙafarsa, yana firgita ya ɗaga ta daga totur mota ta fara rage gudu tun kafin ya kai ga birki. Mai kurus ba shi da wannan rangwamen. Har ila yau, a firgice ƙafar da ta saba hutawa tana iya sauka a kan totur ɗin da ake gudu. Shi kuma takalmin da aka zare, sau da yawa ƙarƙashin fedar birki yake gangarawa ya maƙale.

Hanyarmu kuma ka san ta. Tirela ta lalace a hannun gudu, alamarta 'yan ganyaye da aka zuba a kwalta. Shanu suna tsallakawa. Ɗan acaɓa ya ɗauko buhun masara ya biyo hannun da ba nasa ba. A Mararrabar Jos manyan motoci sun cinye gefen titi, masu talla suna ratsawa a guje. Wanne daga cikin waɗannan na'urar da iyakar saninta lambar maleji za ta kauce wa?

Na san wani zai ce ai tasa sabuwa ce, tana rage gudu da kanta. Gaskiya ne, akwai irin wannan. Corolla ta Amurka daga 2017 tana zuwa da rada, wato na'urar auna tazarar abin da ke gaba, a bayan tambarin gaba da kyamara a saman gilashi, tana bin motar da ke gabanta, tana taka birki. Amma littafin motar da kansa ya yi gargaɗi cewa tana iya kasa gane motar da ke tsaye cak, ko babur, ko wanda ya yanko gabanka kwatsam. Ƙurar hunturu ko laka ta rufe tambarin, shi ke nan ta makance. Sannan da yawa cikin motocin nan masu haɗari ne aka sayo a gwanjo, mai gyaran jiki ya ɗaura bamba ya dawo da radar a karkace, ko ya liƙa tambarin roba na kasuwa, babu wanda ya saita ta da kwamfuta. A kan wannan mutum zai jingina ran 'ya'yansa?

Akwai ƙanwar wannan jita-jitar, wai taka birki alhali kurus na aiki yana lalata giya, sai ka fara kashe shi da hannu. Ƙarya ce tsagwaronta. Birki shi ne babbar hanyar da masu ƙera motar suka tanada don kashe shi. Duk wanda ya gaya maka birki yana lalata giya, ko shekara nawa ya yi a Sabon Gari yana kwance inji, kada ka sake kai masa motarka.

In za ka yi amfani da shi, ga yadda nake ganin ya dace. A Toyota ba ya kamawa sai ka haura kilomita 40, saboda haka zancen Kwangila ko PZ ko Ƙofar Doka ma bai taso ba. Nemi miƙaƙƙen wuri da rana, babu cunkoso, ka kunna, ka kai gudun da kake so da ƙafarka, ka danna sandar ƙasa. Kowane ɗan taɓi sama ko ƙasa bayan nan yana ƙara ko rage mil ɗaya. Ƙafar dama ta zauna a ƙasa dab da birki, cikin takalmi. Ana yayyafi ka kashe, domin taya tana iya hawa kan ruwa ta rasa riƙo alhali injin na turawa. Hazo, dare, ko ka ji hamma ta fara, ka kashe. Hanyar Funtuwa da sauran hanyoyi masu falle ɗaya, ni dai ban ba ka shawarar sa shi ba sam.

Abu ɗaya ne zan so a duba a motar, shi ma ba don na ga alamar matsala ba. Kurus yana sanin ka taka birki ne ta wani ɗan makunni da ke saman fedar, wanda shi ne kuma yake kunna jar wutar baya. Wasu 'yan rewaya, in wutar ta ƙi, maimakon su sayo sabo sai su yi masa haɗe-haɗen waya. Ka sa yaro ya tsaya a bayan motar, ka taɓa birki kaɗan-kaɗan. Wutar ta kama tun a taɓin farko, ta mutu da ka saki. In tana jinkiri, ko sai ka danne sosai take kamawa, a canja makunnin kafin ka sake taɓa sandar nan.