Harawa ce tuwon zomo: amsoshin tambayoyin masu kiwo

Tambaya: Malam, na saya wa ɗana zomaye biyu a kasuwar Funtuwa. Muna ba su karas da kabeji da ragowar tuwo, suna ci sosai. Ga shi ɗayan ya kama zawo, cikinsa ya kumbura. Me muka yi ba daidai ba?

Amsa: Uwargida, gatan ne ya yi yawa. Cikin zomo ba irin namu ba ne. A ƙarshen ƙaramin hanjinsa akwai wata babbar jaka da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ke zaune a ciki, su ne ke narkar masa da ciyawa. Da zarar kin cika shi da tuwo, burodi ko kayan zaƙi, sai waɗannan halittun su rikice, iska ta taru, zawo ya biyo baya. Zomo kuwa ba ya iya amai, abin da ya haɗiye sai ya bi ta ƙasa.

Kashi 80 cikin 100 na abincinsa ya kamata ya zama ciyawa ce da harawa. Ma'auni mai sauƙi shi ne kullum a zuba masa tarin da ya kai girman jikinsa. Mu nan Allah ya hore mana: ga harawar gyaɗa, ga ta wake, ga kyasuwa da harkiya da gamba tun tana ɗanya shakaf. Harawar gyaɗa da ta wake suna da ƙarfi, sun fi dacewa da masu tasowa da mai shayarwa, don haka babban zomon da ke zaune kawai a haɗa masa da busasshiyar ciyawa kada ya yi teɓa. Akwai wani dalilin kuma. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar harawa ce ke goge su. Wanda aka saba wa abinci mai laushi, wata rana za ki ga yana dalalar da miyau, abinci na faɗuwa daga bakinsa, haƙori ya yi tsawo ya soki kunci.

Karas ɗin da yara ke gani a zanen talabijin, alewa ce a wurin zomo. Yanka ɗaya kamar kan ɗan yatsa, sau biyu a mako, ya wadatar. Ganyen karas ɗin ma ya fi saiwar amfani. Kabeji kaɗan-kaɗan. Ganyen dankalin Hausa da zogale suna da kyau, amma duk sabon ganye a fara da ɗan kaɗan, a duba kashinsa kwana biyu kafin a ƙara. Ciyawar damina kada a yanko ta da raɓa a zuba masa, a baza ta a inuwa ta sha iska tukuna, kuma kada a yanko daga gonar da aka yi wa feshi. Tumfafiya, zaƙami, albasa, tafarnuwa, ganyen dankalin Turawa da piya, waɗannan kada su kusanci keji.

Shi wanda ke zawon, ki janye komai ki bar masa busasshiyar ciyawa da ruwa mai tsabta, ki raba shi da ɗan'uwansa. In ya kai awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, a garzaya wurin likitan dabbobi. Kuma don Allah kada a ɓare kafson amoksisilin a ɗura masa. Wannan maganin da danginsa na fenisilin, in aka ba zomo ta baki, kashe shi suke yi.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Maraɗi. Da asuba na kama zomona yana cin kashinsa. Yunwa ce ko ciwo?

Amsa: Ɗana, ba ko ɗaya. Zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshe mai kama da ƙwayar wake wanda kake sharewa, akwai kuma mai laushi, a cure, wanda yake karɓa daga jikinsa ya haɗiye, galibi da dare ko da sassafe. A cikinsa yake samun sinadarin gina jiki da bitamin B. Abin damuwa shi ne ka riƙa ganin mai laushin a zube ko ya manne masa a gindi. Wannan alama ce dusa ta yi yawa, harawa ta yi kaɗan.

Tambaya: Malam, da rani ciyawa kan yi wuya a wajenmu. Ina da kaji, zan iya ba zomayen abincinsu?

Amsa: Alhaji, ban ba ka shawarar haka ba. Abincin kaji galibinsa hatsi ne, harzar da ke cikinsa kaɗan ce, sannan wasu kamfanoni kan zuba maganin ciwon hanjin kaji irin su monensin da narasin, waɗanda guba ne ga zomo. Rani tun da kaka ake shirya masa. Lokacin roron gyaɗa da wake harawa ke araha, a saya a ɗaure a ɗora a kan rumfa ko rufin ɗaki inda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba. Wadda ta yi funfuna a zubar, gara asarar dami ɗaya da asarar garke. Haka ƙuli-ƙuli ko dusar da ta yi warin ruma.

In ka samu abincin zomo na buhu, giram 25 ga kowane kilo na nauyinsa a rana ya isa, wato zomo mai kilo 2 giram 50. In dusar alkama ce ko ta masara, ɗan tafin hannu da yamma, bayan ya ci harawa. Mai ciki, wadda ke haihuwa cikin kwana 31 ko kusa da haka, da mai shayarwa su ne ake ƙara wa. Mai son kiwo da yawa ya leƙa cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya, sun daɗe suna aiki a kan abincin dabbobi.

Tambaya: An ce zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Gaskiya ne?

Amsa: Wannan maganar ta kashe zomaye da yawa. Yana sha, mai cin busasshiyar harawa ma ya fi sha, mai shayarwa kuwa ninkawa take yi. A sa masa a kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba, a canja safe da yamma. Da bazara, in zafi ya haura digiri 30, zomo kan rage ci, sai a mayar da kejin inuwa a riƙa ba shi abincin da sanyin safiya da bayan magariba.