Me ya sa Italiyawa suka ƙera motocin baje-koli na Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne wasu motocin nan na shekarun 1950, waɗanda guda ɗaya tak aka yi, a Italiya aka ƙera su. Ƙwarai kuwa.

Masana'antun motoci na birnin Detroit a Amurka sun saba da injin da ke buga jikin mota dubbai iri ɗaya, don haka yin mota guda a wurinsu tsada ce. A birnin Turin na Italiya kuwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuɗin ƙwadago ya yi sauƙi, ga kuma gwanayen maƙera. Sai a sassaƙa siffar motar da katako, a riƙa bugun fallen ƙarfe da guduma ana gwada shi a kan katakon har ya kwanta daidai. Da haka kamfanin Ghia na Turin ya yi wa kamfanin Chrysler na Amurka motar K-310 a 1951, bisa zanen Virgil Exner, mai zana wa Chrysler motoci. Kamfanin Ghia ne kuma ya ƙera Lincoln Futura a 1955, wadda George Barris ya mayar motar Batman ta talabijin a 1966.

Wadda ta fi taɓa mini zuciya ita ce Chrysler Norseman, wadda ita ma Ghia ya ƙera. Rufinta ba shi da ginshiƙi a gaba, daga baya yake riƙe da kansa. An loda ta a jirgin ruwa Andrea Doria, wanda ya yi karo da jirgin Stockholm a Yulin 1956 ya nutse da ita kusa da tsibirin Nantucket na Amurka, tun jama'a ba su gan ta ba.