Tambaya da Amsa: Akwai makoma a binciken hayaƙi da leza?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni haifaffen Jidda ne, na gama digirin farko a fiziks, ina so in ƙware a auna gubar hayaƙi da hasken leza. Amma hankalina ba a kwance yake ba. Kawuna da ya ɗauki nauyin karatuna ya ce ɓata lokaci ne, wai hayaƙin da ido ke gani, hanci ke ji, me zai yi da na'ura? Ga wani ɗan kamasho kuma yana neman kuɗi masu yawa ya samo min gurbi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai makoma, kuma ba ta yi maka nisa ba. Jami'ar KAUST, wadda aka buɗe a 2009 kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, ta yi suna a binciken ƙonewar makamashi, kuma ana ƙera irin waɗannan na'urori a can. Bayan karatu akwai matatun mai, masana'antu da hukumomin muhalli. Dokar Beer-Lambert, wadda ke danganta yawan hasken da iska ta zuƙa da yawan iskar, ka riga ka sani. Inda ake shan wuya shi ne rarrabe nau'o'in iskar da layukan zuƙar haskensu suka hau kan juna: sinadaran benzin (benzene, ba man fetur ba) da toluwin duk suna zuƙar haske mai tsawon zango wajen maikiromita 3.3, ga tururin ruwa da ke kutsawa ko'ina cikin hayaƙi. Ka saba da HITRAN, rumbun bayanan layukan hasken da kowace iska ke zuƙa, ka iya yaren kwamfuta na Python, kuma ka zama mai haƙurin zama awa da awanni kana daidaita madubin da ke juya hasken leza.

Maganar Kawu ce ta tsaya min a rai. Allah ya saka masa da alheri, amma wannan fahimtar tana kai mutane kabari, kuma kullum sai na ji ta, har daga bakin masu digiri. Abin da ido ke gani toka ce da baƙin ƙura. Kabon monoksaid, gubar da ke fita idan abu bai ƙone sosai ba, ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya sa tari. Yana kama jinin mutum fiye da sau 200 a kan yadda iskar oksijin ke kamawa. Lokacin sanyi a Tabuka ko Ɗa'ifa, mutanenmu kan hura gawayi a waje, in ya yi jajir hayaƙi ya ɗauke sai a shigo da shi ɗaki a rufe taga, wai ya nuna. Garwashin nan da ya yi ja yana ci gaba da fitar da gubar. Janareta a lungu haka, mota da aka bari tana aiki a rufaffen gareji haka.

Sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, barci mai nauyi. Gida guda su kwanta tare, sai a ce abincin jiya ne, ko a ce iskokai ne, a kira mai ruƙiya, a ƙara kunna turaren wuta a cikin ɗakin da ke kashe su! Wani kuma ya ɗura wa mara lafiya madara. Madara ciki take zuwa, guba kuwa tana cikin jini. Har 'yar na'urar yatsa mai auna oksijin da aka saya lokacin korona tana yaudara, domin ba ta bambanta jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki kabon monoksaid, sai ta nuna lafiya lau. A fitar da mutum sarari, a kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, a asibiti a ba shi oksijin. Jiki amana ne, jama'a, kuma tawakkali bai hana buɗe taga ba.

Benzin ya fi haka dabara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinsa da za a ce ba ya cutarwa, yana jawo sankarar jini, kuma kafin hanci ya ji shi an daɗe da wuce haddi. Leza kuwa tana gano kabon monoksaid a wajen maikiromita 4.6 tun yana ɗan kaɗan, cikin daƙiƙa. Wannan za ka yi wa Kawu bayani, cikin ladabi, bayan ya ci abinci.

Ɗan kamasho kuma kada ya ga ko riyal ɗaya naka. Da kanka za ka cike takarda a shafin jami'ar, ka haɗa sakamakonka, shaidar Turanci ta IELTS ko TOEFL, da wasiƙun malamanka. Wanda aka ɗauka ba ya biyan kuɗin makaranta, shi ake ba alawus da masauki. Ka fara rubuta wa malamin da bincikensa ya dace da naka, bayan ka karanta aƙalla takardarsa guda.