Tambaya da amsa: Na zare fulogi tun kwana uku, zan iya fere tsohuwar talabijin in saka ta a akwatin gem?

Tambaya: Salam Injiniya, barka da aiki. Ina haɗa akwatin gem irin na tsaye a gida, da jagorar da wani abokina ya turo min, shi ma turo masa aka yi. Na yanka katako, na saka manhajar tsofaffin gem ta RetroPie a ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, saura allo. Jagorar ta ce in cire rigar roba ta tsohuwar talabijin mai ƙaton baya in ɗaure kwalbar, wato gilashin allon, a jikin katako. Abokina ya ce in dai na zare fulogi kwana biyu uku shikenan wuta ta tsiyaye, amma gabana na faɗuwa. Gaskiya ne? Kuma ya zan gane jagora mai kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan faɗuwar gaban ka riƙe ta da kyau, ta fi abokinka ilimi. Kar ka kwance sukuru ko ɗaya a bayan talabijin ɗin nan sai ka gama karanta ni.

Bari in fara da mai sauƙin. Masu wannan sha'awa gaskiya suna da kyauta, tun da Nicola Salmoria ya fitar da MAME, manhajar kunna tsofaffin gem na akwati a kwamfuta, a 1997 mutane ke auna tsofaffin akwatuna suna zana awon suna rabawa ba ko sisi, wani ya gyara, wani ya fassara, wani ya maida shi bidiyo. A ɓangaren katako da wayoyin botin ka yarda da su, kuskure a nan asarar falle ɗaya ne. Abin da zaka duba kawai: awon da inci ne ko milimita, don katako mai kaurin inci uku bisa huɗu ya ɗan ɗara milimita 18 kuma a kusurwa zaka ga giɓin. Ka duba wane botin mai zanen ya yi amfani da shi, na Japan irin Sanwa da Seimitsu ramin milimita 30 suke so, irin na Amurka kuma kusan 28, in ka huda kafin kayan su zo hannunka zaka yi kuka. In MDF ne, wato fallen da aka matse daga garin katako, ka sa takunkumi, ƙurarsa ba ta wasa ba ce. Shikenan wannan.

Matsalar ita ce jagora in ta bi hannu biyar sai ka ga hotuna sun iso, awo ya iso, amma shafin gargaɗi ya faɗi a hanya, don mai kwafa gani yake surutu ne. Sai a bar maka layi ɗaya, wai cire kwalbar ka ɗaure. Wallahi wannan layin yana ƙona min rai.

Kwalbar nan da kake gani ita kanta kafasita ce, wato ma'ajiyar wuta. Akwai shafe mai ɗaukar wuta a cikin gilashin, akwai wani baƙi-baƙi a waje, gilashin na tsakani. In talabijin mai kala tana aiki, jar wayar nan mai kauri da ta fito daga fulaibak, taransfomar da ke ɗaga ƙarfin wuta, ta shiga ƙarƙashin wata roba mai kamar ƙaramin faifai a gefen kwalbar tana kai volt wajen 25,000. Ka zare fulogi, eh, ka tsayar da sabuwar wuta, amma wadda ke ciki ina zata bi ta fita? In babu hanya zama take, kwanaki, wani lokaci makonni, tana jiran yatsa. Su masu cewa ai ni na taɓa ba abin da ya same ni, ba ƙarya suke ba, wasu samfuran an saka musu rezisto mai tsiyaye wutar a hankali. To kai ka san taka tana da shi? In tana da shi ka san bai mutu ba bayan shekara ashirin da wani abu? Da sa'ar wani ake so ka gwada jikinka.

Ni na ɗanɗana, ina yaron shago. Allo ne da ya yi sati a ƙarƙashin tebur, duk ƙura, na sa hannu zan ɗaga robar nan da farce, sai ji na yi tas kamar an sheme ni da bulala tun daga yatsa har kafaɗa, hannun ya fizge da kansa ya daki bakin ƙarfen firam, har yau tabon ɗinki na nan a bayan hannuna na dama. Kuma Allah ya rufa asiri ban bugi wuyan kwalbar ba, don cikinta babu iska, wuyan nan siriri in ya karye da ƙarfi gilashi na iya watsuwa har fuska. Yawanci ɓarnar daga fizgar nan take zuwa. Ga kuma wanda jagorori ma ba sa ambata, ƙaton kafasitan da ke kan bod kusa da inda wutar bango ke shiga, a inda wutar gida take 230 yana riƙe sama da volt 300, kuma shi yana da ƙarfin da zai taɓa zuciya. Sauke wutar kwalba ba ya sauke nasa.

Zan faɗa maka yadda masu gyara ke yi don ka iya tantance jagora, ba don ka je ka gwada kai kaɗai ba. Fulogi a zare. A cire zobe da agogo. A ɗaure waya mai kauri daga ƙarfen sukudireba mai mariƙin roba zuwa wayar da ta kewaye bayan kwalbar, ba wai zuwa soket na bango ba, na ga bidiyon da wani ke koyar da haka, na rasa me zan ce. Hannu ɗaya a aljihu, a zura bakin sukudireban ƙarƙashin robar har ya taɓa ƙugiyar ƙarfen. A jira mintuna a sake, a kuma sake, don wutar tana ɗan dawowa da kanta. Jagorar da ba ta ce a maimaita ba, mai ita bai taɓa yin aikin ba, kwafa ya yi. Wadda kuma ta ce ka haɗa tsohon allon akwatin gem na asali kai tsaye da wutar bango ba tare da taransfoma mai raba wuta ba, ka goge ta daga wayarka, da yawansu ƙarfen jikinsu gaba ɗaya zai ɗauki wuta.

Yanzu kai me zaka yi? Ka bar talabijin ɗin a cikin rigarta. Ka faɗaɗa akwatin, ka yi mata mazauni mai ƙarfi a ciki, ka ɗaure ta da bel kar ta zame, ka yanka baƙin kwali ko siririn katako ka rufe gefen allon ta gaba, ka bar ramukan iska a baya. Ba wanda zai gane. In Pi 3 ko 4 ne da kai, ramin nan na milimita 3.5 yana fitar da hoto da sautin da za su shiga jan, fari da rawayan ramukan talabijin, sai dai ka nemo wayar da ta dace da ramin Pi don ba duka ke yi ba. In kuma awon ya matse dole sai an fere ta, ka ɗauki akwatin da talabijin ɗin ka kai wa tsohon mai gyaran talabijin, ya sauke wutar a gabanka, ya ɗaure kwalbar da kansa, sannan a rufe bayan akwatin da ƙofa mai makulli saboda yara.