Amsoshin tambayoyinku: ƙanƙarar azumi da waken ajiya

Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya a Maraɗi ta rubuto. Tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, a azumin baya ciniki ya kai har firigo ɗaya ya yi mata kaɗan. Yanzu ta kwashi adashi, tana son ƙara na biyu saboda azumi mai zuwa, amma ta ce gabanta na faɗuwa.

Ƴar'uwa, faɗuwar gaban nan ba ta banza ba ce, kuma kin kyauta da kika tambaya kafin kuɗin su bar hannunki. Kowace shekara watan Ramadan yana ja baya da kwana 10 ko 11. Azumin 2024 ya kama wajen 11 ga Maris, na 2025 farkon Maris, na 2026 cikin Fabrairu. Kin ga yana fita daga zafi yana shiga ɗari, haka zai yi ta tafiya har ya kai Janairu da Disamba. Wanda ya kai azumi cikin hazo, kunu mai zafi da ƙosai da shayi zai nema. In za ki sayi firigon, ki saya don bazarar Afrilu da Mayu, ita kam ba ta sauya wata. In na hannu ne, kada ki biya sai an jona shi ya kwana kin ga ruwa ya daskare. Ki kuma bar wani abu cikin kuɗin na hatsi da gujiya da mai, don kasuwar azuminki ta soma komawa can.

Wani matashi yana tambaya wace sana'a ce ake cin ribarta duk shekara babu faɗuwa, don ya sayar da babur ɗinsa na kabu-kabu ya shiga.

Ɗana, da akwai irinta da ban zauna amsa wasiƙu ba. Riƙe babur ɗinka.

Wani magidanci daga Tibiri yana son ya sayi wake da kaka ya ajiye sai bazara ya fitar. Tambayarsa: wane maganin ƙwari ya fi araha?

Malam, dabarar saye da kaka tsohuwa ce, kowa a Maraɗi ya san tiyar wake ta Nuwamba daban da ta Mayu. Amma ba kullum take biya ba. Wakenmu da yawa Najeriya yake tafiya, in naira ta faɗi mai saye daga Jibiya ko Kano sai ya ja baya. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, a Oktoban 2024 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi da wake waje. Don haka kada ka ci bashi ka yi ajiya, kada kuma ka zuba duk jarinka a buhu.

Sai dai tambayarka ta magani ita ta tsaya mini a rai. Araha kake nema a kan abin da ƴaƴan mutane za su ci? Ka zagaya kasuwa ranar Juma'a ka ga yadda ake ɗura ruwan magani a tsohuwar kwalba, babu takarda, babu kwanan wata, mai sayarwa da kansa bai san me ke ciki ba. Wani na feshin gona ne, wani an sirka shi da ruwa, wani ya lalace tun bara an kankare rubutun. Wanda aka sirka ba ya kashe ƙwaro, sai ka buɗe buhu a watan Maris ka tarar da gari. Mai ƙarfin kuma yana bin waken har tukunya, mai ƙosai ba ta sani ba, mai ɗanwake ba ta sani ba. Haka ƙwayar nan da ake jefawa a buhu: hayaƙi mai guba take fitarwa, amma sai ka ga an jera buhunan a ɗakin da yara ke kwana, an rufe taga saboda sanyi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari. Su sun auna sun ƙi, mu nan wa ke auna mana?

Abin da ya fi ba ni haushi, hanyar da ba ta buƙatar magani tana nan. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, ya daɗe da shigowa yankin nan. Ka shanya waken ya bushe ƙayau, ka zuba, ka matse iskar, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro sai ya rasa iska ya mutu. Kada ka riƙa buɗewa kana leƙe, ka ɗora a kan katako saboda ɓera. Shi ma an yi jabunsa, leda shara-shara mai yagewa a baki. Kafin ka biya, ka cika ledar da iska, ka riƙe bakin, ka danna. In ta sace, mayar masa da kayansa. Tsadar mai kyau ba ta kai asarar tiya biyar ba, kuma in bai huje ba za ka sake aiki da shi baɗi.

Wata mai ɗinki daga Sabon Gari tana tambaya yaushe ya kamata ta soma tallan ɗinkin Sallah a WhatsApp.

Hajiya, tun watan Sha'aban. Ki sa hoton aikin hannunki, banda wanda kika kwaso a intanet, don ranar karɓa za a gwada. Ki karɓi rabin kuɗi kafin ki sa almakashi, ki kuma rufe karɓar aiki ranar 15 ga azumi, ko matar yayanki ce ta zo da atamfa.